Tarko, Matsefata ko Gurbi?

Wanda ya fito ta Ƙofar Na'isa ya yi yamma a kan titin da ke bin gindin ganuwa zai wuce Ƙofar Gadon Ƙaya, ya wuce Ƙofar Famfo, kafin ya kai tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Tafiyar gajeriya ce, amma ta isa ta nuna wa mai lura halin Kano game da suna. Famfo kalmar Turawa ce. Ta shigo tare da ruwan bututu, ta samu mazauni a jikin ganuwa, yau ba mai yi mata kallon baƙuwa. Ita kuwa Na'isa, a 2010 aka rushe tsohon gininta na ƙasa don faɗaɗa hanya, aka tayar da sabo, amma sunan ko gezau. Muna aron suna in ya yi mana, muna kuma riƙe suna ko da abin da aka raɗa wa ya canza kama. Kowanne da amfaninsa, kowanne da haɗarinsa, don Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce suna linzami ne.

Akwai wani reshe na kimiyyar fiziks da bai samu suna a bakinmu ba tukuna. Masu shi suna kama 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani da hasken leza, ƙwayoyin suna cikin ruwa suna yawonsu, su ajiye kowace inda suka ga dama, har su jera su sahu-sahu. Wanda ya share fagen, Arthur Ashkin na ɗakunan binciken Bell da ke jihar New Jersey a Amurka, ya samu rabin kyautar Nobel ta fiziks a 2018 yana da shekara 96. Malamin kimiyya a makarantun da ke bakin wannan titi ya san cewa in Turanci ya ƙi shiga kan ɗalibi dole a juya zuwa Hausa. Kafin ya ba da labarin nan kuwa sai ya tanadi sunan ƙwayoyin, da na abin kamun, da na jerin da ake yi, da na ɗorewar jerin. Inda gizo ke saƙar shi ne, sunayen da Turawan suka raɗa su ma aro ne, daga madafa da maƙera da dawa, kuma kusan kowanne a karkace yake. Wanda ya fassara su kalma da kalma ya gaji karkatar.

Ƙwayoyin dai sunansu a littattafai koloyid, kuma an san wanda ya raɗa shi: Thomas Graham, mutumin Sikotilan, a 1861. Ya lura cewa in aka shiga tsakanin ruwa biyu da wata takarda mai kama da fata, gishiri da sukari sukan ratsa ta da sauri, amma ƙaro da sitaci da farin ƙwai da danƙon dafaffiyar fata da ƙyar suke wucewa. Sai ya kasa abubuwa gida biyu. Masu ratsawa ya ce dangin kiristal ne, don in ruwansu ya ƙafe sukan fito da siffa mai kusurwoyi. Marasa ratsawa ya ɗauko musu kalmar Girkanci kolla, wato abin liƙi. Irin ƙaron da ake tsinta a jikin dakwara a Jigawa da Yobe da Barno yana cikin shaidun da aka kafa sunan a kansu.

Rabon bai yi ƙarko ba. Tun kafin Graham ya rubuta nasa, a 1857, Michael Faraday ya haɗa wani ruwa jawur wanda ba komai cikinsa sai mitsi-mitsin zinariya, ba su narke ba, ba su kuma nutse ba. Kwalabensa suna nan har yau a Landan da launinsu. Zinariya kuwa ba ta da danƙo ko kaɗan. Zuwa farkon ƙarni na 20 masana irin su Wolfgang Ostwald na Jamus sun tsayar da magana cewa zama koloyid batun girma ne, kowane abu kuma zai iya shiga in an niƙe shi yadda ya kamata. A raba milimita ɗaya gida dubu, an samu maikiron. A sake raba maikiron gida dubu, an samu nanomita. Daga nanomita 1 zuwa wajen maikiron 1, nan ne unguwar koloyid. Kaurin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 100.

Ba sai an je Landan ba. Ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni daga kududdufai aka haƙo ta, kuma duk wanda ya taɓa ɗiban ruwan kududdufi da damina ya san tsarin kwanciyarsa. Yashi yakan sauka nan take, laka mai nauyi ta bi bayansa, amma akwai wani duhu-duhu da yakan yi kwanaki bai washe ba. Lissafi ya nuna dalili. Ƙwayar laka mai faɗin maikiron 1 takan nutsa kimanin santimita 8 a kwana guda. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma ba ta cika milimita 1 a kwana. Kuma ba a barin ta ta sauka lafiya, don ƙwayoyin ruwan kansu suna ta dukan ta ta kowane gefe, tana ta karkarwa ba hutu. Wannan karkarwa ce Robert Brown ya gani a madubin likita a 1827, Einstein ya yi mata lissafi a 1905, Jean Perrin na Faransa ya gwada lissafin daga 1908 da ƙwayoyin ƙaron wata bishiyar Asiya. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka kowace tana ture 'yar'uwarta, ba sa dunƙulewa balle su yi nauyi. Aikin alif, wanda wasu ke ce wa alam, shi ne ya kashe wannan turi. Da an jefa shi ƙwayoyin su rungumi juna su zube ƙasa, ko a randar gida ko a matatun ruwa na Chalawa da Tamburawa. Garin 'ya'yan zogale ma yana wannan aiki.

Tawadar allo ta fi ba ni sha'awa. Gawayi ba ya narkewa a ruwa, komai niƙa. Abin da ke hana tawada rabuwa biyu, baƙi a ƙasa ruwa a sama, shi ne ƙaron da aka dama ta da shi, wanda yake lulluɓe kowace ƙwayar gawayi ya hana ta mannewa da ta kusa. A cikin kurtu aikin ƙaro raba ƙwayoyi ne. Sai an ɗora tawadar a allo ta bushe sannan ya koma aikin liƙi. Sunan da Graham ya zaɓa ya kama rabin aikin ne kawai, kuma ba rabin da ya fi muhimmanci ga wannan fanni ba.

To da me za mu kira su? Kalmar da ta fi cancanta mun riga mun ba da ita aro. Zarra daga Larabci take, kuma malaman tafsiri sun daɗe suna bayanin ta da ƙaramar tururuwa, ko da 'yar ƙurar nan da ake gani tana shawagi in hasken rana ya ratso ta taga cikin ɗaki mai duhu. Wannan ma'ana ta biyu kusan ita ce koloyid sak: abin da bai narke ba, bai kwanta ba, kuma haske ne yake tona asirinsa. Amma Larabcin zamani ya miƙa kalmar ga atom, Hausar rediyo da jarida ta bi sahu, yau in ka ce ƙwayar zarra hankalin kowa makamin nukiliya yake tafiya, alhali atom ya fi ƙwayar maikiron 1 ƙanƙanta sau dubbai. Bakin alƙalami ya bushe a nan.

Abin da ya rage mana aikatau ne, kuma shi ne ƙarfin Hausa. Ba ma haɗa narkewa da damu. Gishiri narkewa yake yi, tawada kuwa damawa ake yi, haka fura, haka farar ƙasa. Muna kuma da kwanciya: ruwa ya kwanta, gasara ta kwanta. Saboda haka jimla guda ta isa ɗalibi: koloyid damu ne da ba ya kwanciya. Sunan kansa kuwa, ni a ganina a are shi yadda yake. A kunnen Bahaushe koloyid ba ya ɗauke da warin danƙo, fanko ne, sai abin da muka zuba masa. Wanda ya dage sai ya fassara ya ce "dangin danƙo" ya yi wa Graham biyayya, ya kuma ɓatar da ɗalibinsa.

Ga abin kamun kuma hukuncina ya juya, don a nan Hausa ta fi asalin sunan dacewa.

Cewa haske yana da turi tsohon zance ne. Johannes Kepler ya ce a 1619 hasken rana ne yake kore wutsiyar tauraro mai wutsiya, shi ya sa kullum take ba rana baya. Maxwell ya fitar da lissafin, aka auna shi a Rasha da Amurka wajen 1901. Turin ba shi da yawa: hasken rana a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi bai wuce nauyin rabin miligiram ba. Sai da aka ƙera leza a 1960 aka samu hasken da za a iya tattarawa a ɗigo guda. A 1970 Ashkin ya haska leza kan 'yan ƙwallayen roba a cikin ruwa, ya ga sun bi hasken a guje yadda ya zata. Ya kuma ga abin da bai nema ba: ƙwallayen da ke gefe ana jawo su zuwa tsakiyar hasken, inda ya fi ƙarfi.

Dalilin shi ne, ƙwallo mai garai-garai da ya fi ruwa lanƙwasa haske yana karkata duk hasken da ya ratsa shi. Haske kuwa ba ya karkata a banza: in ƙwallon ya tura shi hagu, shi ma ya tura ƙwallon dama. In aka haɗa duka ture-turen, sai ya zamana ƙwallon yana gangarawa wurin da haske ya fi yawa. A 1986 Ashkin da abokan aikinsa uku, cikinsu har da Steven Chu, suka nuna cewa in aka matse leza guda da gilashin madubin likita mai ƙarfi, wannan jan yakan rinjayi turin gaba, ƙwallon ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba igiya ba tsinke. Ƙarfin riƙon kuwa ana auna shi da fikoniyuton. Nauyin giram 100 shi ne kimanin niyuton 1, fikoniyuton kuma kashi ɗaya cikin tiriliyan ne na wannan.

Sunan da ya bi na'urar a Turance shi ne na ɗan ƙarfen nan mai baki biyu na tsince ƙananan abubuwa. Muna da irinsa har uku: awartaki na maƙeri, hantsaki, da matsefata ta cire ƙaya. Dukansu muƙamuƙi biyu gare su, matsewa suke yi, abin da suka kama kuma ba ya motsi. Hasken nan ba shi da muƙamuƙi. Ba ya matse ƙwayar tsakanin abu biyu, kuma ƙwayar ba ta daina karkarwa, tana ta kai da komo a kewayen tsakiya, hasken yana mayar da ita duk lokacin da ta yi nisa. Daga faɗin wannan kai da komo ma ake auna ƙarfin riƙon.

Tarko ya fi kusa, kuma shi ne sunan da masanan suka fara amfani da shi a rubuce. Tarko ɗanawa ake yi a jira, abin kamu ya kawo kansa, haka kuwa ake yi a nan. Amma tarko a Hausa yana da mugunta a cikinsa: abin da ya faɗa ba ya fita sai da rauni. Ƙwayar koloyid kuwa, in hasken bai yi ƙarfi ba, takan zauna ɗan lokaci, wata rana dukan ruwa ya zo mata daidai ta tsallake ta yi gaba, wata ta zo ta zauna. Shi ya sa in masanan sun zo lissafi ba sa zancen baki ko igiya, zurfi suke aunawa, kamar rami ne.

Kalmar da ta dace tana bakinmu kullum: gurbi. Gurbi wuri ne mai ɗan zurfi da aka yi domin abu guda ya zauna. Ana iya samun sa a cike, ana iya samun sa wayam, ana cike shi, ana maye shi. A duba filin dara: ramuka a jere a ƙasa, kowane rami yana ɗaukar ɗa guda, wasu a cike wasu ba kowa, kuma siffar wasan tana cikin jerin ramukan tun kafin a sa ɗa ko ɗaya. Haka jerin hasken yake, sai dai ramukansa ba a ƙasa aka haƙa su ba, kuma 'ya'yan da kansu suke gangarawa ciki. Ban san kalmar Turanci guda da ta haɗa waɗannan ma'anoni yadda gurbi ya haɗa su ba, don masanan sukan kira ramin da suna ɗaya, mazaunin cikin jeri da wani, wurin da ba kowa kuma da na uku.

Ba na cewa a jefar da matsefata. Akwai aikin da ita ce sunansa. A 1987 Ashkin ya kama ƙwayoyin bakteriya da rai. Koren hasken da ya fara amfani da shi kashe su yake yi, har ya ƙirƙiri kalmar barkwanci mai nufin kisa da haske, sai ya koma hasken da ido ba ya gani, na bayan ja, suka rayu har suna haihuwa a cikin riƙo. Daga baya masu bincike a Amurka da Singafo suka liƙa 'yan ƙwallaye biyu a gefen jar ƙwayar jini, suka ja da haske, suka auna yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro take sandarar da ita har ta kasa ratsa ƙananan jijiyoyi. An yi irin wannan awo a kan jinin masu sikila. Wannan aikin hannu ne, a ɗauki abu guda a ja ko a matsar, don haka matsefatar haske ta yi. In kuwa jeri ake magana, gurbin haske.

Yadda aka tashi daga gurbi ɗaya zuwa masu yawa bai ɗauki lokaci ba. In leza biyu suka gitta juna sukan haifar da ratsi-ratsi, haske da duhu a jere, kuma a 1985 Chowdhury da Ackerson da Clark a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin da ke yawo barkatai sukan shiga sahu in aka haska musu irin wannan ratsi. A 1990 Burns da Fournier da Golovchenko suka gitta haske da yawa suka samu jeri iri-iri. A 1998 Eric Dufresne da David Grier a Jami'ar Chicago suka raba leza guda zuwa gurabe masu yawa, zuwa 2002 kuma an kai ga sarrafa ɗaruruwan gurabe da kwamfuta, a matsar da kowanne yadda ake so.

Jerin da ake samu shi ake kira kiristal, kuma a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe a Hausa. Sau da yawa akan fassara kalmar da lu'ulu'u. Lu'ulu'u daga Larabci yake, asalinsa abin adon da ake ciro wa daga cikin kawar teku, a wurinmu kuma ya zama sunan duk dutse mai tsada da ƙyalli. Tsada da ƙyalli ba su da alaƙa da zancen. Gishirin miya kiristal ne, sukari kiristal ne, alif ma haka. Gilashi kuwa, duk da garai-garai ɗinsa da walƙiyarsa, ba ya ciki, don ƙwayoyin zarrarsa a hargitse suke. Tun da Max von Laue ya haska hasken eksire ta cikin kiristal a 1912, iyalan Bragg, uba da ɗa, suka karanta jerin gishiri a shekarar da ta biyo, an san cewa abin da ya mayar da abu kiristal tsarin cikinsa ne, kowace ƙwaya a mazauninta, tazara daidai.

Abin mamaki, Girkawa da Hausawa sun haɗu a tunani ɗaya. Kalmar krystallos ƙanƙara take nufi, sannan Girkawa suka ba da ita ga farin dutse mai garai-garai, don sun ɗauka ruwa ne da ya daskare har abada. Mu ma ƙanƙara muke ce wa ruwan da ya daskare, ƙanƙara muke ce wa dutsen ƙyastu da na bindigar gargajiya. Ƙanƙarar ruwa kuwa kiristal ce ta gaske. Da za a bi cancanta, ta fi lu'ulu'u nesa ba kusa ba. Sai dai a Kanon yau, inda ƙanƙara ta zama abin saye a leda lokacin azumi, wanda ya ce gishiri ƙanƙara ne dariya zai sha. Na fi son a bar kiristal a matsayin suna, a riƙa bayaninsa da tsararren jeri.

Yanzu a haɗa kalmomin biyu a ji: kiristal na koloyid. A wurin Graham wannan tufka da warwara ne, don ya ƙirƙiri ɗayan ne musamman domin ya zama kishiyar ɗayan. Halitta ba ta nemi izninsa ba. A 1957 aka ga ƙwayoyin wani bairos na ƙwari sun jeru da kansu suna walƙiya da launuka. A 1964 J. V. Sanders a Ostireliya ya duba dutsen ofal da madubin lantarki, ya tarar 'yan ƙwallayen silika ne masu girma ɗaya a jere, launukan bakan gizon da yake fitarwa kuma daga tazarar jerin suke fitowa, ba rini ko ɗigo. A 1986 Peter Pusey da William van Megen suka nuna cewa ko ƙwallayen da ba sa jan juna sam sukan jeru saboda cunkoso kawai: da sun cinye kashi 49 cikin ɗari na wurin jeri yake fara bayyana, a wajen kashi 55 duka sun shiga sahu. Irin wannan kiristal taushi ne da shi na ban mamaki, girgiza kwalba kaɗai ta isa ta rushe shi.

Ita ma kalmar kiristal an sake mata ma'ana muna raye. Da can sharaɗin shi ne zanen ya riƙa maimaita kansa. A 1982 Dan Shechtman ya ga wani gamin ƙarfe mai tsari tsaf wanda zanensa ba ya maimaituwa, aka yi masa ca, daga baya ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta faɗaɗa ma'anar a farkon shekarun 1990, shi kuma ya karɓi Nobel a 2011. Gurbin haske ya shiga wannan fage da sauƙi, don haske ba ruwansa da abin da ƙwayoyi suke so. A Stuttgart ta Jamus, a 2008, rukunin Clemens Bechinger ya gitta leza biyar ya shimfiɗa wa ƙwayoyi irin wannan zane marar maimaici.

Wannan ne ya kai mu ga kalmar da ta fi kowace ruɗi, wadda ake fassarawa da tabbata ko ɗorewa. A Turancin fannin kalma guda ce take aiki biyu masu karo da juna. In an ce koloyid ya ɗore, ana nufin ƙwayoyinsa ba su manne ba, suna warwatse, kamar yadda ake so tawada ta kasance. In an ce kiristal ya ɗore, ana nufin ƙwayoyin sun zauna wuri ɗaya ba su watse ba. Hausa ba ta da dalilin shiga wannan cunkoso, don tana da riƙo, tana da zama, tana da kafewa, kuma kowanne yana da gwajin da ya dace da shi.

Riƙo shi ne jerin da haske ya tilasta. A kashe leza, ƙwayar maikiron 1 takan yi tafiyar tsawon jikinta cikin kimanin sakan guda, kafin ka ankara jerin ya zama tarihi. A irin wannan hali tsarin na hasken ne, ƙwayoyin baƙi ne kawai, kuma gurbin ido ba ido ba ne. Zama shi ne inda jerin ya dace da abin da ƙwayoyin da kansu za su zaɓa bisa yawansu da turin da ke tsakaninsu. A nan hasken iri kawai yake shukawa, ya jera kaɗan, sauran su zo su ɗora. Kafewa kuwa sai an kawo wani abu daga waje. A 2005 Yael Roichman da Grier, a Jami'ar New York, suka jera ƙwallayen silika da haske cikin ruwan da aka zuba wa wani sinadari, sannan suka sa ruwan ya daskare ya zama ƙullu mai garai-garai, suka kashe leza jerin yana nan. Labarin da ya ce an gina kiristal mai ɗorewa da haske, in bai faɗi wanne daga cikin ukun ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Kada kuma a ɗauka ƙara ƙarfin riƙo kullum ƙara tsari ne. A Jami'ar Konstanz, a 1998, an ga jerin da matsakaicin haske ya haɗa ya sake rushewa da aka ƙara hasken. Ƙwayoyin kowane sahu suna sanin inda na sahun kusa suke ne ta ɗan lilon da suke yi gefe da gefe. Da haske ya matse su ya hana lilon, sahu ya daina jin sahu, kowanne ya riƙa zamewa son ransa. Masanan sun kira gwajin 1985 daskarewa da leza, wannan kuma narkewa da leza, alhali zafin ruwan bai canza ba a duka biyun. Mu da muke cewa mai ya yi barci in sanyin hunturu ya kama shi mun san daskarewa da sanyi take tafiya, don haka a nan jeruwa da watsewa sun fi faɗin gaskiya.

Rubuta kimiyya da Hausa ba yau aka fara ba. Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a Zariya a 1949, cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusunta na Hausa zalla a 2006. Abin da ake bukata daga masu wannan aiki a fanni irin wannan shi ne su zauna da malaman fiziks su ji yadda abin yake aiki kafin su zaɓi kalma, don ƙamusun Turanci zuwa Hausa zai ba ka matsefata da lu'ulu'u ya tsaya nan.

Amfanin fannin kansa ma yana bukatar a faɗe shi daidai gwargwado. Tun 1987, lokacin da Eli Yablonovitch da Sajeev John suka kawo tunanin jerin da zai iya tare wani launin haske ya bar wani ya wuce, ake fatan gina irinsa da ƙwayoyin koloyid. Amma ɗan dunƙulen da bai wuce milimita ɗaya ta kowane gefe ba yana cin ƙwallayen maikiron 1 fiye da biliyan guda, gurabe kuwa ɗaruruwa ne. Haske ba zai zama masana'anta ba. Inda ya fi ƙarfi shi ne bincike, don ƙwayar koloyid ana ganin ta a madubin likita, tafiyarta kuma a hankali take, saɓanin atom. A 2001 Alexandros Pertsinidis da Xinsheng Ling, a Jami'ar Brown ta Amurka, suka samu kiristal na koloyid mai shimfiɗa ɗaya, suka sa matsefatar haske suka zare ƙwaya daga tsakiyarsa. Maƙwabciyarta ta matso ta cike wurin, nata ya zama wayam, ta gaba ta matso, suka yi ta ɗaukar hoto suna bin yadda gurbin yake tafiya cikin jerin, suna auna saurinsa.